Ɗaukar Hoton Mus a Daji: Iyakar Kyamarar Waya da Darajar Tsayawa Nesa

Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya a arewacin Suwidin, miliyoyin mutane kan buɗe wayoyinsu da kwamfutocinsu su zuba wa wani kogi ido. Sau da yawa babu abin da ke motsi a hoton sai ruwa da guntayen ƙanƙara, kuma ana iya shafe awanni a haka. Sai can a ga wata ƙatuwar dabba mai dogayen ƙafafu ta ɓullo daga cikin itatuwa, ta tsaya a bakin ruwa kamar mai shawara, sannan ta faɗa ciki ta yi iyo zuwa ɗaya gaɓar.

Wannan dabba ita ce mus. Shirin kuwa na tashar talabijin ɗin ƙasar ne, wato SVT, wadda ta fara shi a 2019 da sunan Den stora älgvandringen, ma'ana babbar ƙaurar mus. Ana nuna shi kai-tsaye dare da rana na kimanin mako uku daga bakin kogin Ångerman, kusa da garin Junsele, inda dabbobin ke tsallakawa zuwa wuraren kiwonsu na bazara. Masu kallo sun tashi daga kusan miliyan 1 a shekarar farko zuwa miliyan 9 a 2024. A 2025 shirin ya gudana daga 15 ga Afrilu zuwa 4 ga Mayu, an nuna awa 478, aka ƙirga mus 70 da suka tsallake kogin.

Abin lura ga mai sha'awar na'urori shi ne yadda ake ɗaukar shirin. Ma'aikata kan shimfiɗa kebul mai tsawon kusan kilomita 20 a cikin dajin, su kafa kyamarori 26 da ake juyawa daga nesa da wasu 7 na dare, sannan su bar wurin. Daga ɗakin sarrafa shiri suke aikin, don kada dabbobin su ji ɗuriyar mutum su sauya hanya. Duk wannan ɗawainiya da kuɗi an yi su ne don abu guda: a samu hoto na kusa ba tare da mutum ya matsa kusa ba. Matsalar da mai wayar hannu ke fuskanta ke nan idan ya yi kiciɓis da mus, sai dai shi ba shi da kebul, kuma wayar tasa takan ruɗe shi ya ƙara taku.

Wace irin dabba ce mus?

Mus shi ne mafi girma a dangin barewar ƙasashen sanyi. Ana samun sa a Kanada, Alaska da wasu jihohin arewacin Amurka, da Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha. Mafi girma su ne na Alaska, inda babban namiji kan kai mita 2 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa ya haura kilo 600. Wato ya fi ingarman doki tsawo nesa ba kusa ba. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, masu faɗi kamar an buɗe tafin hannu, kuma daga ƙarshen wannan zuwa ƙarshen wancan sukan kai mita 1.8. Ƙahonin kan zube duk hunturu, sababbi su tsiro da bazara.

Wanda ya gan shi tsaye yana tauna ganye zai ɗauka sanyin hali gare shi kamar saniyar gida. Amma mus yana gudun kilomita 55 a awa, ya iya iyo, har nutso yake yi don cin tsirran ƙarƙashin ruwa. Ganinsa ba shi da ƙarfi sosai, sai dai jinsa da sansanonsa suna da kaifi. Ba ya jure zafi, shi ya sa da rana tsaka yakan kwanta a inuwa ko ya shiga ruwa, ya fi fitowa kiwo da asuba da kuma gab da magariba.

Hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska ta sha nanata cewa mutanen da mus ke raunatawa a jihar duk shekara sun fi waɗanda beyar ke raunatawa. Lokuta biyu ne suka fi haɗari. Na farko daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, lokacin da mata ke haihuwa. Na biyu Satumba da Oktoba, lokacin barbara, sa'ad da maza ke cika da faɗa. Kuma lokutan nan biyu ne masu ɗaukar hoto suka fi so, domin a nan ake samun jarirai masu rawar ƙafa da maza masu cikakken ƙaho.

A watan Mayun 2024, a garin Homer na Alaska, wata uwar mus ta kashe wani dattijo da ya fita neman hoton 'ya'ya biyu da ta haifa. Mutumin ya daɗe a yankin, ya san daji, ya saba da ɗaukar hoton dabbobi. A cikin itatuwa masu duhu uwa na iya kasancewa kusa fiye da yadda ake zato, kuma idan ta taso, daƙiƙu kaɗan ne tsakani.

Lissafin mita 23

Gandayen dajin Amurka irin su Yellowstone da Grand Teton sun kafa doka: kada mutum ya kusanci mus ƙasa da yadi 25, kimanin mita 23. Gandun Rocky Mountain ya ce ƙafa 120, kimanin mita 36. A gandayen Kanada ana neman mita 30. Waɗannan su ne mafi ƙarancin tazara, kuma idan uwa ce da ɗanta sai an ƙara.

To me waya ke gani daga mita 23? Babban idon kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, daidai da gilashin milimita 23 zuwa 26 a babbar kyamara. An ƙera shi ne don ya kwashe jama'a a wurin biki ko ya ɗauki ɗaki gaba ɗaya. Idan aka riƙe waya a kwance daga mita 23, hoton zai kwashe kusan mita 23 daga sama zuwa ƙasa. Mus mai tsawon mita 2 ba zai cika ko kashi ɗaya cikin goma na tsayin hoton ba. Dabbar da ta cika wa mutum ido sai ta koma ɗan baƙin ɗigo a fuskar waya. Nan ne ƙafa ke fara matsawa gaba ba tare da mai ita ya lura ba. Kafin mus ya cika rabin hoton da wannan ido, sai an matso zuwa kimanin mita 4, tazarar da dabbar za ta cinye kafin mutum ya juya.

Da idon da ke jawo abu sau 5, mai daidai da milimita 120, hoton zai kwashe kimanin mita 5 ne kawai daga wannan tazara, mus ya cika kusan kashi biyu cikin biyar. Hoto ne mai kyau, da dabbar da dajin da take ciki. Da milimita 230 kuwa, zai kusa cika hoton. Shi ya sa ƙwararrun masu ɗaukar namun daji ke yawo da gilasai na milimita 400 zuwa 600, masu nauyi da tsada. Tazara suke saye da kuɗinsu.

Zum na gilashi da zum na manhaja

Kalmar zum a tallar waya tana ɗauke da abubuwa biyu mabambanta. Akwai na gilashi, inda waya ke da ido na musamman da ke jawo abu kusa tun kafin haske ya sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke mayar da haske hoto. Da yake waya siririya ce, dogon gilashi ba zai tsaya a cikinta ba, sai masu ƙira suka kwantar da shi a jikin wayar, suka sa wani ɗan gilashi mai kusurwa yana karya hasken ya tura shi gefe. Huawei P30 Pro ta 2019 tana cikin wayoyin da suka yayata wannan dabara da zum sau 5. Samsung Galaxy S23 Ultra tana da ido mai jawowa sau 10, daidai da milimita 230. Apple ta kawo sau 5, milimita 120, a iPhone 15 Pro Max a 2023.

Na biyu shi ne zum na manhaja, wanda ake samu idan an buɗa yatsu biyu a fuskar waya. Wannan yanka ne kawai: waya tana yanke tsakiyar hoton ta kumbura shi. Lissafinsa mai sauƙi ne. Kyamara mai megafiksel 50 idan ta ninka sau 2, saura 12.5. Idan ta ninka sau 5, saura 2. Ko mai megafiksel 200 ce, a sau 5 saura 8. Abin da ya ɓace manhaja ce ke cike gurbinsa da hasashe, shi ya sa gashin dabba ke fitowa kamar an shafa fenti.

Saboda haka lambar sau 50 ko sau 100 da ke jikin kwali, kallon kitse ne ake yi wa rogo. A watan Maris na 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan wani mai amfani da Reddit ya ɗauki hoton wata da ya dusashe da gangan a fuskar kwamfuta, sai wayar Samsung ta fito masa da ramukan da babu su a hoton da ya ɗauka. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata, tana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen ƙara masa kyau. A hoton dabba wannan yana da muhimmanci, domin wanda ke son nuna abin da ya gani da idonsa yana iya komawa gida da abin da manhaja ta zana.

Akwai wani abin da wayoyi da yawa ke yi a ɓoye. Idon nesa yana shigar da haske kaɗan, sensarsa kuma ƙarama ce. Idan gari ya yi duhu-duhu, waya takan bar shi ta koma yanka daga babban ido, alhali fuskarta na nuna sau 3 ko sau 5. Gane hakan ba wuya: a danna zum ɗin, a rufe idon nesa da yatsa. Idan hoton bai yi baƙi ba, yanka wayar ke yi. Ga mai neman mus wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda da asuba da magariba dabbar ke fitowa, daidai lokacin da idon nesa ya fi rauni.

Baƙar dabba a kan farar ƙasa

Fatar mus ruwan ƙasa ce mai duhu, ta kusa zama baƙa. Sau da yawa kuma bayansa dusar ƙanƙara ce ko ruwa mai ƙyalli. Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. Idan fari ya yi yawa sai ta rage haske, dusar ta koma toka-toka, mus ya zama baƙar inuwa ba ido ba gashi. Maganin shi ne a taɓa jikin dabbar a fuskar waya don kyamara ta mai da hankali a kanta, a daɗe da dannawa har saitin ya kulle, sannan a ɗan ja alamar rana sama har gashin ya bayyana, amma a tsaya kafin dusar ta ƙone ta zama farin fili.

Wayoyin da ke ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, sun fi ba da damar gyara daga baya, domin suna riƙe bayanan da ke cikin duhu da haske waɗanda hoton JPEG ke zubarwa. Kuɗinsa shi ne wuri: hoto ɗaya kan ci megabait da dama.

Yanayin dare na kyamara, wanda ke yin abin mamaki a hoton gini ko titi, bai cika amfani a nan ba. Yana ɗaukar hotuna da yawa cikin 'yan daƙiƙu ya haɗe su, don haka duk abin da ya motsa sai ya fito a dusashe. Mus mai tafiya yana buƙatar ƙiftawar kyamara mai sauri, kamar 1/500 na daƙiƙa, abin da ake saitawa a sashen Pro na wayoyin Android da yawa. Hoton zai ɗan yi yashi-yashi saboda ƙarin ISO, amma hoto mai yashi ya fi wanda ya dusashe. Wata dabarar ita ce a ɗauki bidiyon 4K, wanda kowane hoto a cikinsa ya kai kimanin megafiksel 8, daga baya a zaɓi mafi kyau a ciro. Filasha kuwa a kashe ta. Haskenta ba ya kai ko mita 5, abin da za ta iya kawai shi ne firgita dabbar.

Zum yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka hoto. Jingina waya a jikin itace ko dutse, kafa ta a sanda mai ƙafa uku, ko ɗauka da maɓallin ƙara na abin saurare, duk suna rage wannan. Mai madubin hangen nesa kuma yana iya ɗora idon wayarsa a bakin madubin da ɗan maƙalli mai araha. Madubi mai jawowa sau 8 ko 10 zai mayar da waya mai ido ɗaya ta yi aikin da ya fi na zum ɗin manhaja nesa.

Sanyi, batir da mota

Apple ta ce an ƙera iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyas, ƙasar mus kuwa takan sauka ƙasa da haka sosai. A cikin sanyi sinadaran batir suna yin nawa, waya mai sauran caji ta mutu farat ɗaya. Masu fita daji kan ajiye waya da fawabank a aljihun ciki kusa da jiki, su fito da ita lokacin ɗauka kawai. Idan za a shiga ɗaki mai ɗumi, sai a sa wayar a leda a ƙulle har ta yi ɗumi, don kada raɓa ta taru a gilashinta.

Mota tana cikin wuraren da suka fi dacewa da wannan aiki. A gandun Algonquin da ke lardin Ontario na Kanada, mus kan fito bakin babbar hanya mai lamba 60 a watan Mayu don shan ruwan da ya kwanta a gefen titi, wanda ke ɗauke da gishirin da aka watsa lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Mai hoto yakan faka a inda doka ta yarda, ya kashe inji don motar ta daina rawa, ya ɗora waya a bakin taga. Son gishirin nan ya kai har a 2020 hukumomin gandun Jasper suka kafa allunan gargaɗi cewa kada direbobi su bar mus ya lashi motocinsu, domin dabbar da ta saba da mota ita ce gobe za a kaɗe a titi.

Jirgi mara matuƙi ba mafita ba ne. Amurka ta hana tashinsa a gandayen dajinta na ƙasa tun 2014, Kanada ma ta hana a nata sai da izini na musamman. Abin da manazarta da mafarauta suka fi dogara da shi shi ne kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace. Tana da sensa mai jin motsin abu mai ɗumi, sai ta ɗauki hoto da kanta, da dare kuma ta haska da fitilar da idon mutum ba ya gani sosai, hoton ya fito baƙi da fari. Wasu suna da layin waya a ciki, suna turo hoton nan take.

Alamun da ke cewa a ajiye waya

Mutumin da ya duƙufa a fuskar waya yana kallon hoto ne, ya manta da dabbar. Mus kuwa yakan yi gargaɗi kafin ya taso. Idan ya daina kiwo ya kafe mutum da ido, an yi kusa. Idan ya kwantar da kunnuwa baya, gashin doronsa ya miƙe, yana lasar leɓe, to ja da baya ya zama dole. Idan ya taso, shawarar hukumomin Alaska ita ce a gudu a ɓuya bayan itace, mota ko gini, saɓanin beyar da ake hana guje masa, domin mus bai cika bin mutum da nisa ba. Wanda ya faɗi ya dunƙule, ya kare kansa da hannuwa, kada ya tashi sai dabbar ta yi nisa. Ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta, ba a juya wa mus baya don hoton selfi, ba a kuma zuwa da kare, domin mus yana ɗaukar kare a matsayin kyarkeci, babban abokin gabarsa.

Bayan an ɗauka

Haɗarin bai ƙare a daji ba, sai dai a nan ya koma kan dabbar. Waya tana liƙa wa kowane hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi idan GPS na kunne. A 2017 bidiyon wani farin mus yana tsallake rafi a yankin Värmland na Suwidin ya karaɗe intanet, baƙi suka yi ta tururuwa neman sa. Kafin shekarar ta ƙare, bayan ya tasar wa wata mata da ke tare da karnukanta, 'yan sanda suka ba da izinin harbe shi, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye. A 2018 hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole, maƙwabciyar Grand Teton, ta fara roƙon baƙi su daina saka ainihin wurin da suka ɗauki hoto a kafofin sada zumunta. Cire wannan bayani kafin turawa aikin daƙiƙu ne a iPhone da Android, daga sashen bayanan hoto ko zaɓin rabawa.

Yawancin masu waya a nan ba za su taɓa haɗuwa da mus ba, amma lissafin bai canza ba ga wanda ya je Yankari ya hangi giwa ko ɓauna, inda tazarar da jagoran daji ya faɗa ita ce doka. Sanin iyakar waya kuma ba sai an je daji ba. A auna taku 30 a fili, a sa aboki ya tsaya, a ɗauke shi da kowane ido na wayar, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya gab da magariba, sannan a buɗe hotunan a babban allo. Inda fuskarsa ta fara narkewa, nan zum ɗin wayar ya ƙare, kuma wanda ya san wannan tun a gida ba zai nemi cike giɓin da ƙafarsa a gaban dabba mai kilo 600 ba.